An bar jaki ana dukan taiki: labarin regilater da mas a tsohuwar mota

Duk ƙauyen da ke nesa da kwalta ya san darajar tsohuwar mota. Ita ke kai gero da wake kasuwa, ita ke dawowa da gishiri da sukari da takin zamani. In ciwo ya tashi da tsakar dare, ƙofar direbanta ake bugawa. Sababbin motoci da babura sun yi yawa yanzu, amma har yau jefi-jefi akan gamu da tsohuwar Land Rover, ko Toyota ta da, ko Peugeot 404 mai tanti wadda ake kira bashe, tana nishi cikin rairayi ranar kasuwa. Kamfanin Peugeot ya fara fitar da 404 a Faransa a 1960, kuma ba a daina haɗa ta a ƙasar Kenya ba sai 1991. Mota mai irin waɗannan shekaru, jikinta duk tabo ne, wayoyinta duk ɗauri ne. Sau da yawa abin da ke kwantar da ita sha'anin wuta ne. A cikin sha'anin wuta kuwa babu abin da ake zalunta kamar wani ɗan akwati da ake kira regilater. Ana cire shi a jefar, a sayi sabo, alhali laifin yana wani wuri dabam.

Akwai wani direba a wani ƙauye na kudancin Damagaram, tsakanin Matamai da Magarya. Da yaron mota ya fara tun yana saurayi. Ya sha ƙurar hanya shekara da shekaru, har Allah ya hore masa ya sayi bashe ta hannu, mai dinamo. Bai yi lakkol ba, amma in inji ya yi tari ya san inda ke masa ciwo. Yana da yaron mota, ɗan yayarsa ne, wanda uwar ta damƙa masa amana bayan rasuwar uban. Yaron ke duba ruwa da mai kowace safiya, shi ke ɗaure kaya, shi ke karɓar kuɗin fasinja.

Wata shekara bayan kaka, da aljihu ya yi ɗan nauyi, direban ya kai motar birni aka yi mata sabon fenti. Mai fentin ya yi aikinsa da zuciya ɗaya. Ya kwance duk abin da ke manne cikin kapo, har da regilater, ya cike ramukan tsatsa, ya fesa fenti mai kauri, ya mai da kome wurinsa. Mota ta dawo gari tana walƙiya, yara na bin ta da gudu.

Ba a yi sati biyu ba batir ya fara shan ruwa kamar raƙumi. A cika shi yau, bayan kwana uku a tarar da farantan cikinsa a bushe. In an yi doguwar tafiya aka buɗe kapo, sai wari ya bugi hanci kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Jikin batir ya yi zafi, wani farin gari ya taru a kan kos. Ƙwan fitilar baya ya mutu, aka sa wani, shi ma ya mutu. Kafin bazara ta yi nisa batir ya kumbura, ya daina riƙe wuta. Mota ba ta tashi sai da turi.

Direba ya sayar da ragon da yake kiwo domin layya, ya sayi sabon batir. Bai yi wata biyu ba ya bi sahun na farko. A tasha kowa ya zama malami. Aka ce masa regilater ne ya mutu. Ya ci bashi ya sayi sabo, wani makanikin bakin hanya ya ɗaura shi a gurbin tsohon, da noti iri ɗaya, bisa fenti ɗaya. Ciwo bai canza ba. Daga nan sai zance ya bar mota ya koma kan mutane. Wasu suka ce sammu ne, wai wani direban da suke takarar fasinja ne ya yi masa aike. Wasu suka ce a binciki yaron, wai da dare yana cire batir yana cajin wayoyin samari yana karɓar dala-dala.

Wata safiya direba ya kira yaron gaban mutane.

"Kai, gaya mini gaskiya. Me kake yi da batir in na kwanta?"

"Wallahi Kawu ban taɓa shi ba, sai ruwan da ka ce in riƙa zubawa."

"Tattara kayanka ka koma wurin uwarka."

Yaron ya tafi yana hawaye. Yayar direba ba ta ce uffan ba, amma daga ranar ƙwaryar furar da takan aiko masa ta daina zuwa.

Ana nan, wani dare aka buga masa ƙofa. Wata mace ce ke naƙuda tun la'asar, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, sai gidan likita. Aka tura mota ta tashi, aka shimfiɗa matar a baya. Da suka fita rairayi suka hau jar hanya, direba ya taka mai. Fitilun gaba suka yi wani farin haske kamar rana, sa'an nan suka mutu gaba ɗaya, su biyu lokaci guda. Babu farin wata. Mijin matar ya zauna a kan kapo da tocila a hannu yana haska gefen hanya, mota na rarrafe. Tafiyar awa ɗaya ta kai su har asalatu. Allah ya kiyaye, matar ta sauka lafiya, amma ma'aikatan gidan likita sun ce da an ƙara jinkiri kaɗan da ba wannan zance ake yi ba.

Wurin tsohon mai gyaran wuta

Wannan dare ne ya sa direba ya nufi birnin Damagaram, wurin wani tsoho mai gyaran wutar mota wanda direbobin kamiyo ke yabo. Rumfarsa ta kara ce, kayan aikinsa ba su cika akwati ɗaya ba. Tsohon bai taɓa kile ba sai da ya yi tambaya.

"Direba, kafin ciwon nan ya fara, wane aiki aka yi wa motar na ƙarshe?"

"Ba a yi mata kome ba, Baba. Fenti kawai."

Tsoho ya yi murmushi. Ya ɗauko agogon awon wuta, ya ɗora wayoyinsa biyu a kan batir, ya ce a tayar da inji a taka mai. Allura ta hau, ta wuce bolt 14, ta wuce 15, ta haura 16. Sai ya ɗauki guntuwar waya, ya ɗaura baki ɗaya a kan batir mai alamar ɗebewa (−). Ya kankare ƙafar regilater da wuƙa, ya danna ɗaya bakin a wurin. Nan take allura ta sauko ta tsaya a 14 da ɗan ɗoriya. Ya ɗaga wayar, ta hau. Ya mayar, ta sauka. Sau uku ya yi haka, direba na kallo baki buɗe. Gani ya kori ji.

"Regilater ɗinka lafiyarsa lau," in ji tsohon. "Wanda ka jefar ma lafiyarsa lau. Mas ne babu."

Ga yadda ya warware masa zancen. Wutar mota ba ta fita gida sai ta tabbata akwai hanyar dawowa. Tana fita daga kan batir mai alamar tarawa (+), ta bi waya, ta shiga fitila ko ham ta yi aikinta, sa'an nan ta komo kan batir mai alamar ɗebewa. Masu ƙera mota ba su ja wa kowane abu waya biyu ba, domin tagulla na da tsada. Sai suka mai da ƙarfen jikin mota duka ya zama hanyar dawowa. Wannan hanya ita ake kira mas. Hanyar zuwa kowa na ganinta, waya ce mai launi. Hanyar dawowa ba a ganinta, shi ya sa ake mantawa da ita. Fenti, tsatsa, busasshen mai da ƙura, duk suna toshe ta.

Dinamo kuma ba shi da hankalin kansa. Inji na juya shi da bel, in inji ya ƙara gudu shi ma ya ƙara wuta, ba ruwansa da ko batir ya ƙoshi. Regilater ne ke riƙe da linzaminsa. Akwai wata siririyar waya da ke tashi daga regilater zuwa dinamo, ta nan ake ciyar da maganaɗisun da ke cikinsa. In regilater ya ƙara wa wannan waya wuta, dinamo ya yi ƙarfi. In ya rage, dinamo ya sassauta.

In aka buɗe murfin regilater na dinamo za a ga naɗin waya biyu ko uku, kowane da ƴan haƙoransa na ƙarfe masu haɗuwa da rabuwa. Na ɗaya mai tsaron ƙofa ne. In dinamo ya kai wajen bolt 13 sai ya haɗa shi da batir. In inji ya sassauta ko ya tsaya sai ya raba su, don kada batir ya juye wutarsa cikin dinamo ya ƙone shi. Na biyu shi ne ma'auni. Haƙoransa na karkarwa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, suna tsai da ƙarfin wuta wajen bolt 14. Na uku, inda akwai shi, yana hana dinamo ɗaukar kayan da suka fi ƙarfinsa. Misali, dinamon Lucas C40 da ke cikin tsofaffin Land Rover, amper 22 ne iyakarsa.

To ina mas ya shigo? Tsohon ya kawo misalin sikelin awon gyaɗa. Duk manomin da ya taɓa kai kaya wurin awo ya san in sikeli bai zauna daidai a ƙasa ba, ƙarya zai faɗa, ko da sabo ne fil. Mai awo zai yi ta cewa a ƙara, a ƙara, alhali buhu ya riga ya cika. Regilater ma haka yake. Abin da yake aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin waya mai wuta da mas. Mas ne ƙasar da sikelinsa ke zaune a kai. Mai fenti ya shimfiɗa fenti tsakanin ƙafar regilater da ƙarfen mota, notin da ke riƙe da shi kuma sun yi tsatsa, suna taɓa ƙarfe kaɗan-kaɗan. Saboda haka wutar da ke ratsa ma'aunin ta ragu. Batir na kan bolt 16, shi kuwa yana ganin bai ko kai 14 ba, sai ya yi ta ce wa dinamo ƙara. Ruwan batir ya tafasa, farantai suka lalace. Ranar da direba ya taka mai da ƙarfi cikin dare, fitilu suka sha wutar da ba a yi su dominta ba.

Ba kullum rashin mas ke kawo yawan wuta ba. A wasu motoci, musamman masu regilater na zamani wanda ba shi da haƙora, lalacewar mas na sa caji ya ragu ko ya ɗauke ɗungum, batir ya kwana babu kome. Wani lokaci kuma ciwon na zuwa yana tafiya. Mota na lafiya a kan kwalta, da ta hau hanya mai gargada sai jar fitilar caji ta riƙa ƙyaftawa, domin girgiza na motsa notin da ya saki.

Gyaran bai ci rabin awa ba. Tsoho ya fara cire kos na mas daga batir. Ya kwance regilater, ya goge ƙafafunsa da gurbinsa da takardar yashi har ƙarfe ya fito fari. Ya sa sababbin noti ya ɗaure tam, ya shafa ɗan giris a bisa don kada tsatsa ta dawo da damina. Bai tsaya nan ba. Ya ja waya ta musamman daga ƙafar regilater zuwa jikin dinamo, domin su biyun su zauna a ƙasa ɗaya ko da jikin mota ya ruɓe. Daga nan ya leƙa ƙarƙashin inji ya nuna wa direba wata faffaɗar waya mai kama da kitso, wadda ta haɗa inji da shasi. Rabin zarenta ya tsinke. Inji a kan roba yake zaune, roba kuwa ba ta wuce wuta, don haka wannan kitso ne gadar da wuta ke bi ta koma batir. In ya tsinke, wuta na neman hanya ta wayar totur ko ta wayar shok, har su yi zafi su narke. Ya canza shi. Kuɗin aikin duka bai kai na ƙwan fitila biyu ba.

Baƙaƙen da ke jikin ƙarfe

Direba ya tambayi tsohon yadda yake gane wayoyi, tun da duk sun koɗe, ja ya zama fari, kore ya zama baƙi, wasu ma an yi musu ƙari da wayar rediyo. Tsoho ya goge gindin regilater da tsumma ya ce ya duba. Akwai baƙaƙe da aka buga a jikin ƙarfen, kusa da kowane haƙori. Direba ya yi shekaru yana kallonsu, yana zaton ado ne.

A kayan Faransa, irin na Ducellier da Paris-Rhône, akan ga BAT, DYN da EXC. BAT na zuwa wajen batir. DYN na zuwa babban haƙorin dinamo. EXC ita ce siririyar wayar linzami. Biyun farko masu kauri ne domin su ke ɗauke da dukan wutar caji, in aka sa musu siririyar waya za ta yi zafi ta cinye robarta. A kayan Lucas na Ingila, D na dinamo ne, F na linzami, E kuma shi ne mas. A kayan Bosch na Jamus akwai B+, D+, DF da D−, kuma duk inda aka ga lamba 31 a motar Jamus, mas ake nufi. Tsofaffin Toyota da yawa na da regilater mai fulogi, da baƙaƙe irin su IG, F da E. A nan ma E mas ne. Bayan baƙaƙe akwai lamba, 12 ko 24. Regilater na ƙaramar mota mai bolt 12 ba ya zama a kamiyo mai bolt 24, ko da ramukan notinsu sun zo daidai.

Tsohon ya ce shi ma da ka ya fara aiki, yana haddace launin waya. Ya ga regilater da yawa sun ƙone a hannun masu haddace launi, domin in aka sa wayar DYN a gurbin EXC haƙora na iya narkewa kafin a sha shayi. Yana da ƴaƴa uku ya shiga ajin yaƙi da jahilci na dare. Ya fito da wani tsohon littafi mai tabon mai, cike da zanen regilater iri-iri, kowane da baƙaƙensa da sunan motarsa.

"Launi na koɗewa, Direba. Baƙi ba ya koɗewa, domin a ƙarfe aka buga shi."

Ya ja masa kunne kan abu biyu da suka shafi tsofaffin motoci. Na farko, ba kowace mota ce ke da mas a kan ɗebewa ba. Motocin Ingila na da, har da Land Rover kafin 1967, kan tarawa ne suke haɗawa da jikin mota. An juya da yawa daga cikinsu daga baya, don haka kada a yi zato, a bi kebul da ido a ga wanne ne ya sauka a kan ƙarfe. Regilater na zamani in aka ba shi wuta a juye, nan take yake mutuwa.

Na biyu, dinamo na riƙe da ɗan ragowar maganaɗisu wanda da shi yake fara aiki. In aka sa sabon dinamo, ko aka yi wa tsoho naɗi, ko aka juya batir, dole a nuna masa alƙibla kafin a tayar da inji. A irin na Lucas, ana cire wayar F daga dinamo, a ɗauko wuta daga kan batir wanda ba na mas ba, a ɗan taɓa haƙorin F na ƙiftawar ido. Wasu dinamo kuwa ta babban haƙori ake yi musu, domin naɗin cikinsu dabam ne. Wanda bai san irin nasa ba ya tambayi masani. In ba a yi haka ba haƙoran mai tsaron ƙofa na iya mannewa, waya ta kama hayaƙi.

Wannan aikin na dinamo ne kaɗai. Altarnater, wanda ya maye gurbin dinamo, ba a yi masa haka ko kusa. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya fara sa shi a motar kasuwa a 1960, sannu a hankali sauran kamfanoni suka bi. A cikinsa akwai wasu ƴan ƙananan abubuwa da ake kira diyod, masu barin wuta ta wuce gaba su hana ta komowa, watau su ne mai tsaron ƙofarsa. Altarnater na farko-farko regilater ɗinsu a waje yake, manne da jikin mota, saboda haka duk abin da aka faɗa game da mas ya hau kansu. A motocin yanzu an mai da regilater cikin altarnater, amma kitson da ya haɗa inji da shasi har gobe yana nan da aikinsa.

Direba ya koma gida da sabon batir na uku, wanda ya yi shekaru yana aiki. Babba ba ya ba yaro haƙuri da baki, amma akwai hanyoyi. Ya tsaya kasuwa ya sayi ƙaramin agogon awon wuta da littafi da biro, ya wuce gidan yayarsa. Bayan gaisuwa ya ajiye kayan gaban yaron.

"Yaya, gobe da asuba zan ɗauke shi. Akwai wani tsoho a birni, na yi masa magana, zai riƙa zuwa wurinsa duk ranar da ba mu da kasuwa."

Yayar ta dube shi ta ce, "Allah ya kai mu." Da maraice ƙwaryar fura ta iso gidan direba. Yaron ya shiga ajin dare da rani. Daga baya direbobin ƙauyukan kewaye wurinsa suke kawo mota in jar fitila ta kama.

Abin da ya kamata kowane direba ya riƙe

Ƴan uwa direbobi da yaran mota da masu mota, ga gargaɗi a taƙaice.

1. In wuta ta rikice, a fara tambayar wane aiki aka yi na ƙarshe. Fenti, walda, canjin inji da wankin inji, duk suna taɓa mas.

2. Kafin a sayi kome a auna. Batir mai lafiya da ya huta yana nuna bolt 12,6, watau 12 da rabi da ɗan ɗoriya. In inji na gudu matsakaici, a ga tsakanin 13,8 da 14,5. In ya haura 15, batir na dahuwa. In bai kai 13 ba, caji ba ya shiga yadda ya kamata, a duba bel tukuna ko ya saki.

3. Awon mas ba shi da wuya. Inji na aiki, fitilu a kunne, a sa baki ɗaya na agogo a jikin regilater, ɗaya a kan batir na mas. In ya nuna fiye da 0,2 akwai tsatsa ko sakin noti a hanya. Wanda ba shi da agogo ya gwada da guntuwar waya kamar yadda tsohon ya yi, ya lura da hasken fitila. In haske ya canza, mas ne. A yi hankali da bel da fanka, a naɗe hannun riga.

4. In za a taɓa waya, a fara cire kos na mas, kuma shi ne na ƙarshe wajen mayarwa. In aka fara da ɗayan, kile na iya taɓa jikin mota ya yi tartsatsi. Batir mai tafasa na fitar da iska mai kama wuta, tartsatsi ɗaya ko guntun taba na iya fasa shi ya watsa ruwan guba a ido.

5. Kafin a cire wayoyin regilater a ɗaura wa kowace ƴar takarda, a rubuta baƙinta.

6. A daina cire kan batir inji na aiki don a ga ko caji na shiga. A mota mai altarnater wannan gwaji na ƙona diyod da regilater. A daina goga waya a jikin ƙarfe don ganin tartsatsi. In za a yi walda ta lantarki, a cire batir da wayoyin altarnater.

7. A guji haɗa wayar linzami kai tsaye da batir don a tsallake regilater. Mota za ta kai gida yau, batir da fitilu su biya gobe. Haka nan kada a tanƙwara haƙoran regilater da ka, gyaransu sai da agogo.

8. Ruwan batir na musamman kawai za a ƙara, wanda aka tace ta hanyar tururi. Ruwan rijiya na da kanwa da gishiri masu kashe faranti. Da bazara a riƙa dubawa kowane sati, domin zafi na shanye shi.

9. Sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, a kwance wuraren mas a goge, a ɗaure, a shafa giris. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Motar ƙauye amanar gari ce. Mai ita na cin abinci da ita, amma ran mai naƙuda da na wanda maciji ya sara na rataye a fitilunta. Noti ɗaya mai tsatsa ya ci rago, ya jawo bashi, ya kusa raba zumunta, ya kusa cin rai biyu. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Baƙaƙen da ke gindin regilater ba su da yawa, lambobin agogo ba su fi goma ba, kuma ajin yaƙi da jahilci bai taɓa korar direba ko yaron mota ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a tasha da gareji da majalisa. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.